KAFIN ƊANKA YA SAƁA JAKA YA TAFI NOMA ƘASAR WAJE

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafiya

Duk wanda ya kwana a Bukan Sidi, unguwar nan da ke bakin hanyar Jos a garin Lafiya, in dai bayan ɗaukewar ruwan sama ne, to, da sassafe zai ga samari biyu-biyu ko uku-uku suna fita bayan gari, kowa da 'yar jakarsa a baya da garma a kafaɗa. Yawancinsu ba 'yan garin ba ne. Daga can Arewa su ke gangarowa bayan sun kai amfanin gonar iyayensu rumbu, su zo ƙasar doya su yi ƙwadagon ɗaga kunya, a biya su bisa ƙidayar abin da su ka ɗaga. Doyar nan da ku ke saye a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ko a Bodija ta Badun, wata da gumin waɗannan yara a ka noma ta.

Abin da ya sa na ɗauko zancensu shi ne wata waya da a ka bugo mini kwanan baya. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana sana'a a Agege, iyalinsa kuwa suna nan Bukan Sidi, shi ya kira ni hankalinsa a tashe. Ɗansa na uku, wanda ya gama sakandare, ya matsa masa lamba wai a sayar da filin gidansu a ba wani mutum kuɗin, domin mutumin ya yi alkawarin kai shi Turai aikin sa-kai a wata gona, inda za a ba shi ci da sha da wurin kwana kyauta, daga baya kuma ya sami takardar zama. Dattijon ya ce in je in duba masa, tun da na ɗan yi boko, shin akwai irin wannan aiki a duniya, ko kuwa damfara ce?

Amsar da na ba shi ita ce: aikin akwai shi, amma ba shi ne wannan mutumin ke sayarwa ba. Da ya ke na san ba shi kaɗai ne uban da ke Kurmi yana neman abinci alhali 'ya'yansa na gida suna mafarkin ƙetare ba, shi ya sa na ga ya kamata in baje maganar a wannan shafi.

ASALIN ABIN A INGILA

A cikin shekarar 1971, wata mace mai aikin sakatariya a birnin Landan, sunanta Sue Coppard, ta gaji da zaman ofis da hayaniyar birni, tana marmarin ƙauye amma ba ta da gona. Sai ta yi dabara, ta nemi wata gona a lardin Sussex ta ce ita da wasu 'yan kaɗan za su zo ranar Asabar da Lahadi su taya aiki, a ba su abinci da makwanci kawai. Masu gona su ka gwada, su ka ga baƙin sun yi aiki tsakani da Allah, su ka ce su sake dawowa.

Daga wannan 'yar ziyara ƙungiyar da a ke kira WWOOF ta samo asali, yanzu kuwa ta bazu ƙasashe fiye da 100. Tsarinta mai sauƙi ne. Manomi ya rubuta sunansa cewa yana karɓar baƙi. Matafiyi, wanda galibi saurayi ne ko budurwa da su ka gama makaranta su ka saɓa jaka don ganin duniya, ya biya ɗan kuɗin rajista na shekara, ya duba jerin gonaki, ya rubuta wa wanda ya kwanta masa a rai. In sun daidaita, sai ya je da kuɗin motarsa, ya yi aikin kamar awa 4 zuwa 6 a yini, ya ci abin da masu gida su ka ci, ya kwana inda su ka ba shi. Ba albashi, ba kuma wanda ke bin wani bashi. Wani ya yi mako guda, wani wata uku, ran da ya ga dama ya yi sallama ya ƙara gaba.

Sharaɗi ɗaya babba shi ne gonar ta kasance wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin feshi na kanti, watau noma da takin gargajiya zalla. Abin da baƙon ke nema ke nan ya koya.

MU MA MUN SAN WANNAN HANYA

To, jama'a, in an cire sunan Turanci da rajista, mene ne sabo a nan wurin Bahaushe? Tun kafin a haifi kakan Sue Coppard mu ke da gayya, inda mai gona zai dafa tuwo ya dama fura, samarin gari su taru da makaɗa su nome masa gona ba tare da ko anini ba. Muna da almajiran da ke bin malaminsu gabas, su sauka a ƙauye su yi karatu da dare da asuba, da hantsi su taya noma. Muna da ci-rani, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi shi ya fara kawo su Kurmi, su ka zo da niyyar wata huɗu, ga shi an shekara ashirin.

Amma babbar tafiyar jaka a baya da mutanenmu su ka yi ita ce ta alhazan ƙasa. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano cikin shekarun 1950, talaka mai niyyar Makka da ƙafa ya ke tafiya, ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. Ya bi ta Maiduguri, ya tsallaka Fort Lamy wadda yanzu a ke kira Njamena, ya wuce Abeshe, ya shiga Sudan ta Janaina, ya bi Fashir da Ubayyid, har ya dangana da bakin Bahar Maliya. Guzurinsa ba ya kai shi ko rabin hanya. Saboda haka duk inda damina ta riske shi sai ya sauka, ya yi wa wani noma, ya tara na gaba. Tafiyar ta kan ci shekaru, wani ya bar gida yana saurayi ya komo da furfura.

Da Ingilishi su ka gama ginin madatsar ruwa ta Sennar a 1925, su ka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira tsakanin rassan Kogin Nilu biyu, kudu da Hartum, sai wurin ya zama babban zangon mutanenmu. Sun tarar da 'yan'uwa a can, domin bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, su ka kafa garin da har yanzu ke amsa sunan Mai Wurno. Dubban Hausawa da Fulani da Barebari su ka riƙa tsinkar auduga a Jazira don haɗa kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sun sauke farali sun dawo. Wasu kuwa bashi da iyali su ka riƙe su, jikokinsu na can ana ce musu Takari ko Fallata. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995, inda ya nuna har waɗanda a ka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa hanya ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya kai har Wad Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamba na shekarar, ya tarwatsa mutane masu yawa, har da zuriyar waɗannan bayin Allah.

Darasin da ke ciki shi ne, mai shiga gonar wani a ƙasar wani da niyyar ɗan lokaci, ba kullum ya ke fita lokacin da ya so ba.

ABIN DA BATURE KE ZUWA KOYO

Shi kansa noman takin gargajiya da 'ya'yan Turawa ke ƙetare teku don gani, ba a Turai a ka ƙago shi ba. Albert Howard, wanda a ke ɗauka ɗaya daga cikin iyayen wannan tafarki, ma'aikacin gona ne da Ingila ta aika Indiya ya koya wa talakawa noma, ya ƙare shi ne ya koyo daga wurinsu yadda a ke tara juji da kashin dabbobi su ruɓe su zama taki. Littafinsa na 1940 shi ya farkar da manoman Ingila.

A ƙasarmu kuwa, kewayen birnin Kano shaida ne. Ɗaruruwan shekaru a ke noma gonakin nan kowace damina ba a bar su sun huta ba, ba su kuma mutu ba. Sirrin shi ne da rani jakuna ke fita da mangalar shara da toka da kashin awaki daga cikin birni zuwa gonaki, su komo da itace. Manomi kuma ya gayyaci Bafulatani ya zaunar da shanunsa a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. A shuka gero tare da wake, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabba. A bar gawo a tsakiyar gona, don shi da damina ya ke zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Michael Mortimore, malamin Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana auna wannan tsari yana sanar da duniya.

Yau fa? A nan ƙasar Lafiya, saurayi ya fi gane goyon tankin feshi da riƙon fartanya, domin feshin ciyawa ya fi biyan 'yan ƙwadago araha. Ba na ce a jefar da takin zamani ba, domin bakunan da ke jiran abinci sun yi yawa. Amma ganganci da magani ya riga ya jawo mana asara. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Jihar Nasarawa kuwa tana cikin manyan masu noman riɗi, wanda yawancinsa ƙasashen waje a ke kai shi, masu saye kuma awo su ke yi kafin su karɓa. Ashe ke nan yaron da ya iya noma mai tsabta yana da abin sayarwa, ba sai ya je ya yi wa wani bauta ba.

INDA GIZO KE SAƘAR

Yanzu mu koma kan ɗan maƙwabcina. Na zaunar da shi a ƙofar gida bayan sallar isha'i, na nuna masa bambanci uku tsakaninsa da ɗan Baturen da ya gani a hoto yana dariya da kwandon tumatir.

Na farko, takarda. Ɗan Ingila ko Jamus fasfonsa na shigar da shi ƙasashe da dama ba biza. Bugu da ƙari, ƙasashe irin su Ostireliya da New Zealand da Kanada suna da wata biza ta musamman ta yawon buɗe ido haɗe da aiki, wadda su ke ba samarin ƙasashen da su ka ƙulla yarjejeniya da su. Nijeriya ba ta cikin jerin. A ƙasashe da yawa kuma, yin aiki don abinci da makwanci, aiki ne a idon doka, mai bizar ziyara in an kama shi a gona sai a koro shi. Ita kanta WWOOF ba ta ba da biza, ba ta biyan kuɗin jirgi, ba ta kuma samar wa kowa takardar zama. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fili ya kai ka aikin sa-kai, ya riga ya tona wa kansa asiri. Tsofaffin da su ka yi zaman Gana sun san zafin rashin takarda, domin a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izini mako biyu su fice, mutane su ka bar gonakin koko da shagunan da su ka yi shekaru suna ginawa.

Na biyu, kuɗin komawa. Ɗan Bature yana tafiya da tikitinsa na dawowa a aljihu, in mai gona ya ɓata masa rai gobe ya kama hanya. Wanda a ka sayar da filin gidansu a ka kai shi, ko wanda dillali ke binsa bashin hanya, ba shi da bakin cewa a'a.

Na uku, niyya. Wancan ya je ganin duniya da koyon sana'a, ya san ba zai dawo da sisi ba. Namu yana tsammanin zai aiko da kuɗi gida. Mai neman kuɗi kuwa in ya faɗa aikin da ba albashi, to, ya zama bawa da yardarsa.

Ba tsoratarwa ce ta fatar baki ba. A watan Nuwamba 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton da a ka ɗauka a Libiya, ana gwanjon samari baƙaƙen fata a matsayin ma'aikatan gona, ana sallama mutum a kan kimanin dala 400. Waɗanda su ka tsallake teku zuwa Italiya, da yawansu sun ƙare a gonakin tumatir da lemo na kudancin ƙasar, suna kwana a bukkokin leda, a ƙarƙashin 'yan kamasho masu yanke rabonsu daga ɗan abin da a ka biya. A garin Rosarno, cikin Janairu 2010, sai da 'yan Afirka masu tsinkar lemo su ka yi bore bayan an harbi wasunsu, hukuma ta kwashe su daga garin. Italiya ta yi doka mai tsanani a kan waɗannan 'yan kamasho a 2016, amma ko a watan Yuni 2024 wani ɗan Indiya ya rasu a lardin Latina bayan inji ya cire masa hannu a gona, a ka yar da shi a ƙofar gida maimakon a kai shi asibiti. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

GA HANYA KUSA DA GIDA

Duk da haka ban ce wa yaron ya zauna ya naɗe hannu ba, domin tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma saurayin da a ka hana shi ƙofa ta kan taga ya ke fita. Ce masa na yi, in da gaske ƙetare iyaka ya ke so, ya kuma koyi noma, to, ga Jamhuriyar Benin nan. A birnin Porto-Novo, wanda ku mazauna Ikko kun san bai fi tafiyar 'yan awoyi ba ta Seme ko ta Idiroko, akwai Cibiyar Songhai, wadda wani limamin Kirista haifaffen Nijeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985. A can ba a zubar da komai. Kashin kaji da na dabbobi ya zama taki da iskar girki, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu, ragowar lambu ta koma abincin dabbobi. Samari daga ƙasashen Afirka da dama na zuwa koyo. Bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya mai cikakkiyar takardar tafiya na iya shiga Benin ya zauna har kwana 90 ba biza. Mai niyya sai ya tuntuɓi cibiyar da kansa ya ji sharuɗɗanta da kuɗin horonta, kada ya bi ta hannun dillali.

In kuma aljihu bai kai nan ba, ga Kwalejin Aikin Gona a cikin garin Lafiya. Ga kuma manoman Eggon da Alago da Migili da Tibi kewaye da mu, waɗanda ilmin doya ke jininsu, ga na Kano da Katsina masu ilmin taki da lambu. Ko gwamnati ta taɓa gane amfanin wannan, domin a shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin Janar Obasanjo, an tura ɗaliban manyan makarantu gonaki lokacin dogon hutu. Yaron Lafiya da zai yi rani guda a fadamar Kura ko Kadawa yana koyon noman tumatir da albasa, ya yi tafiyar jaka a baya, ya kuma dawo da abin da ɓarawo ba ya sacewa.

GARE KU IYAYE

Ku da ke Agege da Idi-Araba, da Sabon Badun da Shagamu, da Anacha da Fatakwal, kun fi kowa sanin baƙunta. Kun san ran da ku ka sauka Kurmi, mai masauki ku ka nema, wanda Sarkin Hausawa ya sani, wanda in abu ya faru za a iya kama shi. To, ma'aunin ke nan. In ɗanka ya zo da zancen gonar ƙasar waje, tambaye shi sunan mai gonar da garinsa, da wanda ya taɓa zuwa ya dawo. Tambaye shi wace irin biza ce, kuma shi da kansa zai je ofishin jakadanci ko wani ne zai karɓo masa. Tambaye shi awa nawa ne aikin, wa zai riƙe fasfonsa, da me zai dawo in abin bai yi daɗi ba. In an rasa amsar ko ɗaya, kada ka saki kuɗinka. Wanda kuma ya ga alamar masu fataucin mutane ne, akwai hukumar NAPTIP da a ka kafa tun 2003 domin irinsu.

Shi dai ɗan maƙwabcina, da ya koma wa mutumin nan da waɗannan tambayoyi, sai a ka ce masa yawan tambaya na ɓata sa'a, bayan kwana biyu lambar ta daina shiga. Filin gidansu na nan. Yaron bai huce ba tukuna, ko gaisuwar kirki ba ya yi mini, amma na ga ya je an ɗauke shi hoton fasfo, yana kuma tambayar direbobin doya nawa ne kuɗin mota zuwa Ikko, wai zai biya wurin mahaifinsa su tsallaka Porto-Novo tare su gani da idonsu.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su gida da abin alheri, amin.